Ta Temuco Tana Barci

Kwana uku ruwa bai ɗauke ba a Osorno,
kogin Rahue ya cika ya batse.
Huɗu saura goma na asuba,
Millaray Antilef na ɗakin girki, bargo a kafaɗa,
wutar murhu ta kusa mutuwa,
wayarta ta yi irin kukan da ba ta so.

A ofishin ƙungiyar masu madara
akwai na'urar da ba ta da jikin kanta,
haya take a cikin wani akwatin ƙarfe.
Ita ke riƙe da lissafi: litar wane, bashin wance,
tankar da ta tashi, tankar da laka ta riƙe.
Tana da ƙanwa a Temuco, kamar an tsaga kara,
wadda ba ta taɓa aikin yini guda ba.
Kwance take, ido rufe,
duk minti sha biyar a raɗa mata abin da ya sauya,
ta haɗiye, ta koma barci.

Manhaja na ƙwanƙwasa ƙofar Osorno.
Kina nan? Shiru.
Kina nan?
Sau biyar, sai ta kunna ja a allo, ta ja ta tsaya.
Ba ta bambance gawa da wadda aka toshe wa baki.
Ko waya ce ta tsinke a hanya, ko ruwa ya shiga ɗaki,
iyakar saninta ba a amsa ba.

Bara an so a sakar mata wuƙa da nama,
in ta ji shiru ta tashi ƙanwar da kanta.
Millaray ce ta ƙi.
A tashi ta Temuco alhali ta Osorno na numfashi,
su biyu su amsa suna ɗaya,
kowacce ta buɗe nata littafin,
direban kudu ya rubuta nan, na arewa ya rubuta can,
ranar biyan manoma wa zai raba gardama?

Ta kira maigadi.
Don Evaristo, leƙa min ɗakin ƙasa.
Ta ji hakinsa a matakala, ta ji takalmin roba cikin ruwa.
Ya kai ƙauri, in ji shi.
Fitilun fa? Ƙananan nan, kore, a akwati na biyu?
Ko ɗaya, 'yata. Sai ƙauri, kamar an babbake gashi.
To koma sama ka sauke babban makunni,
kar ta farfaɗo a bayan idonmu.

Allo ya jera mata lokuta.
Uku da kwata. Uku da rabi.
Na huɗu saura kwata ya taho, bai iso ba,
rabinsa na can cikin ruwa.
Ta ɗora kibiya kan uku da rabi.
Tsakanin nan da shirun, Baldomero ya auna madarar gona biyu
a hanyar Puerto Octay.
Wannan ya tafi.
Ta rubuta sunansa a bayan takardar kuɗin wuta,
gari ya waye ta tambaye shi, in bai yar da rasit ba.

Kin tabbata? in ji manhaja.
Yatsanta ya yi sanyi.
Ta danna.

Can Temuco, a ɗakin da babu kowa,
ƙanwar ta buɗe ido,
ta ɗauki sunan yayarta, ta ɗauki adireshinta,
kamar mai zura rigar da aka bar mata.
A zatonta uku da rabi ne har yanzu.
Ba wanda ya yi mata gaisuwa.
Tanka ta farko ta turo awo, ta karɓa,
ta biyu ta turo.
Direbobin ba su san an yi komai ba,
ruwa kawai suke zagi.

In Osorno ta bushe za a zauna,
ko a mai da lissafi gida, ko a bar shi inda ya kwana.
Millaray ta ƙara itace biyu, ta ɗora buta.
Ba wannan ke damunta ba.
Ta Temuco na tsaye ita kaɗai yanzu,
ba kowa kwance a bayanta
da ake raɗa wa komai.